Delaware, Wyoming ko Teksas: A Ina Mai Kamfanin Fasaha Zai Yi Rajista a Amurka?

Duk wanda ya gina manhaja a Kano ko Kaduna ko Yamai, ya fara samun masu saye daga waje, ba ya daɗewa sai an ba shi shawarar buɗe kamfani a Amurka. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kamfanonin karɓar kuɗi da kati irin su Stripe sun fi saurin buɗe wa kamfanin Amurka ƙofa, masu zuba jari kuma sun fi sakin jiki da takardun da suka saba gani. Paystack ta bi wannan hanya kafin Stripe ya saye ta a 2020, Flutterwave ma uwar kamfaninta a Amurka take. Sai dai da zarar mutum ya zauna zai cike takardar, tambayar farko da zai tarar ita ce: a wace jiha?

Amurka ba ta da hukuma guda ta rajistar kamfanoni irin CAC ta Najeriya. Kowace jiha cikin 50 tana da dokar kamfanoninta, da ofishin rajistarta, da kotunanta. Ƙa'idar da suka yarda da ita kuma ita ce, dokar jihar da aka yi wa kamfani rajista ita ke hukunta abin da ya shafi cikin gidansa, wato tsakanin masu hannun jari da daraktoci da shugabanni, ko da ofishin kamfanin yana Abuja ne. Shi ya sa jihohin ke gasa da juna wajen jawo kamfanoni. Shekara da shekaru gasar kamar ta mutu, Delaware ta cinye. Daga 2024 zuwa yau ta farfaɗo, majalisun jihohi suna ta sauya dokoki, har wasu matasanmu sun fara tambaya ko zamanin Delaware ya wuce.

Delaware ƙaramar jiha ce, mutanenta ba su fi miliyan ɗaya da 'yan kai ba, amma kamfanonin da ke da rajista a cikinta sun haura miliyan biyu. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan kamfanoni 500 na Amurka a can rajistarsu take. Akwai wani gini guda a birnin Wilmington da dubban ɗaruruwan kamfanoni ke amfani da shi a matsayin adireshi, alhali ba su da ko kujera ɗaya a ciki. Mutane da yawa suna zaton rahusar haraji ce ta tara su. Abin da ya tara su kotu ce. Kotun Chancery ta Delaware, wadda aka kafa a 1792, alƙalai ne ƙwararru a harkar kamfanoni ke zama a cikinta, babu taron mutanen gari masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, kuma tana sauri. Hukunce-hukuncenta sun taru sama da shekara ɗari biyu, ta yadda lauya zai iya gaya maka, kafin ka sa hannu a yarjejeniya, yadda kotu za ta fassara ta idan rigima ta tashi. Mai zuba dala miliyan biyu a kamfanin da bai taɓa ganin ofishinsa ba, wannan tabbacin yake saye. Takardun zuba jari da lauyoyin Amurka ke aiki da su kullum, an tsara su ne a kan kamfanin hannun jari na Delaware, wanda ake kira C-corp. Idan ka zo da wani abu daban, ba haramun ba ne, amma lauyan mai kuɗin zai ƙara awanni yana bincike, kuma sau da yawa abin da zai ce shi ne ka koma Delaware tukuna.

To mece ce ta tayar da ƙura? A Janairun 2024 shugabar Kotun Chancery, Kathaleen McCormick, ta soke ladan da Tesla ya yanka wa Elon Musk a 2018, wanda aka ƙiyasta da kusan dala biliyan 56, bisa hujjar cewa daraktocin da suka amince da shi ba su da cikakken 'yanci daga hannunsa. Musk ya fito fili ya gargaɗi mutane kada su yi rajista a Delaware. Ya ɗauke SpaceX zuwa Teksas, ya kai Neuralink Nevada, a watan Yunin shekarar kuma masu hannun jarin Tesla suka kaɗa ƙuri'ar komawa Teksas. Wasu suka bi sahu: Dropbox ya nufi Nevada, babban kamfanin zuba jari Andreessen Horowitz ya sanar da haka a Yulin 2025, Coinbase kuma ya ce zai koma Teksas. Hankalin 'yan majalisar Delaware ya tashi, domin kuɗin da kamfanoni ke biya babban kaso ne na abin da gwamnatin jihar ke samu. A Maris 2025 Gwamna Matt Meyer ya sa hannu a dokar da ake kira SB 21. Ta sassauta wa mai rinjayen hannun jari: idan ya yi ciniki da kamfaninsa, kuma kwamitin daraktoci masu zaman kansu ko ƙuri'ar sauran masu hannun jari ta amince, ba a cika iya jan sa kotu ba. Ta kuma rage irin takardun cikin gida da ɗan ƙaramin mai hannun jari zai iya tilasta wa kamfani ya nuna masa. Daga baya, a Disambar 2025, Kotun Ƙolin Delaware ta mayar wa Musk ladansa.

Ni dai ina ganin duk wannan rigimar attajirai ce. Tambayar da ke cikinta ita ce yaya mai rinjaye a kamfanin da ke kasuwar hannun jari zai kare kansa daga ƙananan masu hannun jari dubbai. Kai da abokinka guda biyu da kwamfutoci uku, wannan ba damuwarku ba ce yau, kuma idan ta zama damuwarku wata rana, to kun yi arzikin da za ku ɗauki lauyoyin da za su sauya muku jiha. Akwai ma abin dubawa ta ɗaya ɓangaren. Wanda ya kafa kamfani, bayan an zuba jari sau biyu ko uku, shi ne yakan koma ƙaramin mai hannun jari. A ranar, dokar da ke kare marasa rinjaye taka ce.

Abin da ya fi shafar ƙaramin kamfani a Delaware shi ne kuɗin shekara. Kamfani nau'in LLC, wato mai sauƙin tsari da ba ya fitar da hannun jari kuma bashinsa ba ya hawa kan dukiyar mai shi, zuwa 2025, dala 300 yake biya duk shekara kafin 1 ga Yuni, ko ya yi ciniki ko bai yi ba. Shi kuwa C-corp yana biya kafin 1 ga Maris, kuma a nan ne sababbi ke firgita. Al'adar kamfanonin fasaha ita ce a ba kamfani izinin fitar da hannun jari miliyan 10. Jihar tana fara yin lissafi da yawan hannayen jarin, sai ka ga takarda ta iso da dala 85,165. Kada ka suma. Doka ta yarda a sake lissafin ta hanya ta biyu, wadda ke duba ainihin dukiyar kamfani, kuma ga kamfanin da bai tara komai ba yawanci yana sauka zuwa dala 400, a ƙara dala 50 na rahoton shekara. Wanda ya makara akwai tarar dala 200 da ruwa na kashi 1.5 cikin ɗari kowane wata. Harajin ribar kamfani na jihar, kashi 8.7, yana hawa ne kan abin da aka samu a cikin Delaware kawai, don haka bai cika taɓa wanda ke aiki daga waje ba.

Teksas da gaske take yi. Ta buɗe kotun kasuwanci ta musamman a 1 ga Satumba 2024. A Mayun 2025 ta yi dokar SB 29, wadda ta rubuta a doka cewa ana kyautata wa daraktoci zato a shawarwarinsu sai an kawo hujjar zamba ko saɓa doka da gangan, ta ba kamfanoni damar hana taron masu taimaka wa alƙali shiga rigimar cikin gida, ta kuma yarda kamfanin da ke kasuwar hannun jari ya gindaya cewa sai mai kashi 3 cikin ɗari ne zai iya kai ƙara a madadin kamfani. Tesla bai ɓata lokaci ba ya ɗauki wannan sharaɗi. Kashi 3 na Tesla kuwa biliyoyin daloli ne, ka ga ke nan ƙofar ta rufu ga kusan kowa. Har sabuwar kasuwar hannun jari aka kafa a Dallas. Amma kotun tata jaririya ce. Alƙalanta gwamna ke naɗa su na shekara biyu-biyu, hukuncin da ta tara kaɗan ne, kuma ba ta sauraren ƙananan rigingimu, galibi sai abin da ya kai dala miliyan 5. Rikicin da za ka yi da abokin kafa kamfaninka kan kashi 20 na kamfanin da bai kai dala dubu ɗari biyar ba, kotun gari zai tafi.

A wajen kuɗi Teksas ba ta da laifi. Rajista dala 300, babu harajin kuɗin shiga na mutum, harajin kamfani kuma ba ya hawa sai cinikin shekara ya haura dala miliyan 2.47, bisa ma'aunin 2024 da 2025. Sai dai duk shekara, kafin 15 ga Mayu, akwai rahoton da ke bayyana sunayen shugabannin kamfani, kuma kowa na iya dubawa. Wanda zai zauna a Houston ko Dallas ko Austin, ya kama ofishi ya ɗauki ma'aikata, kuma ba jarin manyan masu zuba kuɗi yake nema ba, Teksas ta dace da shi, domin ko a wata jiha ya yi rajista sai ya sake yin ta biyu a Teksas a matsayin baƙon kamfani, ya biya kuɗi a wuri biyu. Wanda ke zaune a Zariya kuwa babu abin da zai tsinta a can wanda ba zai samu da arha a wani wuri ba.

Nevada ba sai an daɗe a kanta ba. Dokarta ta fi kowace kare daraktoci, amma tana da tsada: lasisin kasuwanci na shekara dala 500 ga kamfanin hannun jari, 200 ga LLC, ga kuma kuɗin jerin sunayen shugabanni. Kariyar tana da amfani ga mai tsoron ƙara. Ga mai neman jari kuwa tana iya zama abin da zai sa mai kuɗi ya ɗaga gira.

Wyoming ita ce ainihin kishiyar Delaware ga mutanenmu, amma a wani fage daban. Jiha ce mai faɗin ƙasa da mutanen da ba su kai dubu ɗari shida ba, kuma ita ta fara ƙirƙiro LLC a Amurka a 1977. Rajista dala 100, kuɗin shekara dala 60 ga wanda ba shi da wata dukiya a jihar, babu harajin riba na jiha, kuma ba dole sunan mai kamfani ya fito a takardun da jama'a ke gani ba. Majalisarta ta rungumi harkar kirifto tun da wuri. A 2019 ta ƙirƙiro lasisin banki na musamman ga masu ajiye kadarorin dijital, wanda kamfanin musayar kirifto na Kraken ya fara samu a 2020. A 2021 ta zama jiha ta farko da ta ba ƙungiyoyin da ke gudana a kan bulokcen, waɗanda ake kira DAO, matsayi a doka. A 2025 ma ta fitar da nata kuɗin dijital mai daidaita da dala. Ta kafa kotun kasuwanci irin ta Delaware, amma shekarunta ƙalilan ne.

Ga mai zanen shafukan intanet, ko mai rubuta manhaja da kwangila, ko mai ƙaramar manhaja da ake biya wata-wata, wanda burinsa kawai ya karɓi dala ta hanya mai tsabta kuma shi kaɗai ne ko su biyu, LLC na Wyoming ya isa. Bambancin dala 60 na Wyoming da 300 ko 450 na Delaware duk shekara ba ƙaramin abu ba ne idan aka juya shi zuwa naira. Amma sirrin da ake yi wa Wyoming talla da shi yana da kaifi biyu. Ya jawo mata kamfanonin bogi masu yawa, 'yan jarida sun sha bankaɗo su, don haka wasu bankuna kan tsananta tambaya idan sun ga adireshin da dubban kamfanoni ke rabawa. Sirrin kuma daga jama'a ne kawai. Banki da hukumar haraji sai sun san ko kai wane ne.

Akwai abubuwan da zaɓen jiha ba ya sauyawa ko kaɗan, kuma su ne suka fi cin mutane. Kowace jiha tana buƙatar wakili mai adireshi a cikinta da zai riƙa karɓar takardun kotu a madadinka, ana biyansa duk shekara. Hukumar haraji ta tarayya, IRS, ba ruwanta da jiharka. C-corp yana biyan kashi 21 cikin ɗari na ribarsa, idan kuma ya raba riba ga mai hannun jari da ke Najeriya, ana cire kashi 30, domin babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka da za ta rage shi. LLC na mutum ɗaya ɗan ƙasar waje, wanda ba shi da ofis ko ma'aikaci a Amurka, sau da yawa ba ya biyan harajin riba a can, amma dole ne duk shekara ya miƙa takardar da ake kira Form 5472. Tarar rashin miƙa ta dala 25,000 ce, kuma wannan ita ce maganar da masu tallan "buɗe kamfaninka a Amurka cikin minti goma" ba su cika sawa da manyan baƙaƙe ba. Asusun banki ma ba tabbas ba ne. A Yulin 2024 Mercury, kamfanin buɗe asusun banki ta intanet wanda kamfanonin fasaha na Afirka da yawa suka dogara da shi, ya sanar da rufe asusun masu zaune a wasu ƙasashe har da Najeriya, bai duba ko Delaware ce ko Wyoming a takardarsu ba. An cire Najeriya daga jerin ƙasashen da hukumar FATF ta duniya ke sa wa ido kan safarar kuɗin haram a Oktoban 2025, amma kowane banki da tsarinsa, don haka a tabbatar da bankin kafin a biya kuɗin rajista. A gida kuma, sabuwar dokar harajin Najeriya da ta fara aiki a Janairun 2026 tana ɗaukar kamfanin da ake tafiyar da shi daga Najeriya a matsayin na Najeriya, ko a ina aka yi masa rajista.

Sai babban kuskuren da ake yi: zaton cewa mai rajistar Wyoming dokokin Wyoming kaɗai ke binsa. Abin kamar mota ce mai lambar Legas tana yawo a Kano. Lambar ta Legas ce, amma idan ta karya dokar hanya 'yan KAROTA ne za su tare ta. Dokokin jihohi kan bayanan mutane, da harajin sayarwa, da ƙirƙirarriyar basira (AI), suna bin inda abokin cinikinka yake zaune ne. Majalisar tarayyar Amurka har yau ba ta yi doka guda ta kare bayanan jama'a ba, sai jihohi kusan 20 suka yi nasu. Ta Kalifoniya, wadda ta fara aiki a 2020, tana kama kamfanin da cinikinsa ya haura kimanin dala miliyan 25 a shekara ko yake riƙe da bayanan mutanen jihar 100,000. Ta Delaware, daga Janairun 2025, mutum 35,000 kacal ta gindaya. Ta Teksas, daga Yulin 2024, ba ta sa adadi ba, ƙananan kamfanoni kawai ta ware, su ma ta hana su sayar da bayanai masu haɗari ba tare da izini ba. Wanda ke ganin Teksas jiha ce mai kawar da kai ga 'yan kasuwa, ya tuna ita ce ta karɓi dala biliyan 1.4 daga Meta a 2024 kan ɗaukar bayanan fuskokin mutane ba da izininsu ba, ta kuma cimma yarjejeniyar kusan wannan adadi da Google a 2025. Idan manhajarka tana tantance fuska ko zanen yatsa, dokar Illinois ta 2008 ta fi kowace zafi, domin ta ba mutum ɗaya damar kai ka ƙara da kansa.

Harajin sayarwa ma haka. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018 a shari'ar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair, jiha na iya tilasta wa mai sayarwa daga nesa ya karɓar mata haraji idan cinikinsa a cikinta ya kai wani ma'auni, a jihohi da yawa dala 100,000. Teksas da New York da Washington suna sa haraji a manhajar da ake biya wata-wata, Kalifoniya galibi ba ta sawa, Maryland kuma ta fito da harajin kashi 3 kan ayyukan fasaha a Yulin 2025. A fagen ƙirƙirarriyar basira, Colorado ta yi doka mai faɗi a 2024 sannan ta ɗage fara aiki da ita saboda ƙorafin kamfanoni, Kalifoniya ta yi tata a Satumbar 2025 wadda ta fi shafar manyan masu ƙera irin waɗannan tsare-tsare, ta Teksas kuma ta fara aiki a 1 ga Janairu 2026. Ƙaramin kamfani ba zai taka yawancin waɗannan ma'aunai a shekararsa ta farko ba, amma babu wanda zai aiko maka da saƙo ranar da ka taka. Kalifoniya ma tana da nata tarkon: duk kamfanin da ke aiki a cikinta yana biyan aƙalla dala 800 a shekara, kuma abokin kafa kamfani guda da ke zaune a can yana yi wa kamfani aiki ya isa ya jawo muku shi.

Idan aka tattara, tambaya ɗaya ce ke raba gardama: kuɗin wa kake nema? In na masu zuba jari ne, kuma cikin shekara ɗaya ko biyu kake sa ran zama da su, ko kana son raba wa ma'aikata hannun jari, yi C-corp a Delaware, ka sa 1 ga Maris a kalandarka. Stripe Atlas, sashen Stripe mai yi wa mutane rajistar kamfani, na yin wannan aiki a kan dala 500. In kuɗin abokan ciniki kawai kake son karɓa, LLC na Wyoming ya fi arha, muddin ka nemi akanta da ya san Form 5472 tun kafin ka yi rajista. Ana iya juya LLC ya koma C-corp na Delaware daga baya, aiki ne da lauyoyi ke yi kullum, amma akwai kuɗi da ɓata lokaci, don haka wanda ya tabbata jari zai nema gara ya fara daga Delaware kai tsaye.

Akwai kuma wanda bai kamata ya yi rajistar ba sam. Idan masu sayenka duk a Najeriya suke, suna biya da naira ta Paystack ko tura kuɗi ta banki, rajistar CAC da neman shaidar da dokar kamfanoni masu tasowa ta 2022 ta tanada sun fi maka amfani. Kamfanin Amurka da aka buɗe don ado yana cin dala duk shekara, kuma bashin harajinsa ba ya gushewa don ka daina kula shi. A Delaware ba a karɓar takardar rufe kamfani sai an biya duk harajin da ya taru.